Tubali, Azara da Zanko: Tarihin Ginin Ƙasa a Daura

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda 'yan uwa da data ba ta ba su damar saurare ba.

Yau Daura muka nufa. Na san da an ce Daura abin da ke faɗo wa mutum a rai: rijiyar Kusugu, macijin nan Sarki, Bayajidda da Magajiya Daurama. Wannan labari tun muna firamare muke jin sa, masana tarihi irin su Abdullahi Smith kuma sun daɗe da yin muhawara a kan inda tatsuniya ta tsaya da inda tarihi ya fara a cikinsa. Mu bar shi sai wani jiƙon. Yau maganar gidaje za mu yi, wato katangu da soraye da zaurukan da mutanen Daura suka rayu a ciki, da waɗanda suka gina su, da dalilin da ya sa suke ɓacewa muna kallo.

Amma bari mu ɗan leƙa Ingila tukuna, akwai dalili.

Akwai wani ƙauye a can ana ce masa Bibury, a yankin Cotswolds. A cikinsa akwai jerin wasu ƙananan gidajen dutse da ake kira Arlington Row. An gina wurin wajen shekarar 1380 a matsayin ma'ajiyar gashin tumaki, daga baya a ƙarni na 17 aka yanka shi ɗaki-ɗaki aka zaunar da masaƙa. Gidajen talakawa ne fa, ma'aikatan saƙa, ƙofofinsu gajeru, tagoginsu ƙanana. Dutsen da aka yi su da shi a nan yankin aka haƙo shi, har rufin ma da fallayen dutse aka yi, aka tsayar da shi da gangara sosai don ruwan sama ya riƙa zurarewa. Yau mutane daga Japan da Sin da Amurka suke biyan kuɗin jirgi su je su tsaya a gabansu su ɗauki hoto. Har a cikin fasfo ɗin Birtaniya an taɓa buga hoton gidajen nan.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, mutanen Bibury ba wata dabara suka yi daga sama ba. Sun duba ƙarƙashin ƙafarsu suka ga dutse, suka duba sama suka ga ruwa ba ya ɗaukewa, suka yi gini daidai da haka. To mu ma kakanninmu abin da suka yi kenan. Sun duba ƙasa suka ga jar ƙasa da birji, suka duba daji suka ga giginya da ɗorawa, suka duba sama suka ga rana mai ƙuna wata takwas da damina gajeriya. Ginin soro amsa ce ga waɗannan abubuwa.

Bari in bi da ku yadda ake yin sa, don da yawa daga cikinmu a gidan ƙasa aka haife mu amma ba mu taɓa tambayar yadda ya tsaya ba.

Da farko ƙasa. Ana haƙo ta ne a kusa, kuma ramin da aka bari shi ke zama kududdufi. Ku riƙe maganar kududdufin nan, za mu dawo kanta. Sai a jiƙa ƙasar, a zuba mata ciyawa, wani lokaci har da kashin doki, a shiga a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, a sake cuɗawa. Daga nan a murza tubali da hannu. Tubalinmu na asali ba mai kusurwa huɗu ba ne irin bulo. Ƙasansa faɗi, samansa tsini, kamar ƙwai da aka zaunar. A jera a rana ya bushe. Shi ya sa gini aikin rani ne, bayan an gama girbi, hannaye sun samu sarari, sama kuma ba ta barazana.

In aka zo ɗora katanga, magini hawa yake yi ya zauna a kanta kamar wanda ya hau doki, yaransa na ƙasa suna cilla masa tubali da curin ƙasa yana cafewa. Yana jera tubalin tsininsa na kallon sama, yana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Katangar daga tushe kauri gare ta, a manyan gine-gine takan kai mita 1 ko fiye, tana hawa tana sirancewa. Wannan kaurin shi ne sirrin sanyin ɗakin soro. Zafin rana yakan ɗauki sa'o'i kafin ya ratsa ƙasar, kafin ya iso ciki dare ya yi. Da hunturu kuma ɗumin da katanga ta sha da rana shi take saki da dare. Duk wanda ya taɓa yin azumi a watan Afrilu a ɗakin kwano, wutar lantarki ta ɗauke, sannan ya shiga zauren kakansa, ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Sai rufi, kuma a nan gwanintar take. Ƙasarmu ba ta da dogayen itatuwan katako irin na kurmi, ga gara kuma ba ta barin ice. Sai magina suka koma ga giginya, musamman namijinta, a tsaga gangar jikinta a fitar da azara. Gara ba ta cika cin ta ba, tana kuma shekaru aru-aru ba ta ruɓe ba. Matsalarta guda: in tazarar ta wuce kamar ƙafa 6, ta fara lanƙwasa a ƙarƙashin nauyin ƙasa. To yaya za a rufe babban ɗakin da sarki zai zauna da fadawansa? Sai suka riƙa dasa azara a jikin katanga, su ɗaure wata a kan wata da igiya, kowace na ɗan leƙowa gaba fiye da ta ƙasanta, daga wannan gefe da wancan gefe, har su haɗu a tsakiya. A lulluɓe da ƙasa, sai ka ga baka ya fito. Shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, a samu ɗaurin guga, a ɗora rufin tulluwa a kai. Ku tsaya ku yi tunani: wannan fa daidai yake da abin da injiniya yake yi yau in ya saka rodi a cikin kankare. Azara ce rodin, ƙasa ce kankaren. Mutanen da ba su taɓa riƙe takardar zane ba su suka gano haka.

Wanda ya kai wannan ilimi ƙololuwa shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Amma ba shi kaɗai ba ne. Manyan biranen ƙasar Hausa suna da Sarkin Magina, sana'a ce ta gado, ɗa yana koya a bayan ubansa tun yana ɗaukar tubali.

An gama rufi, saura ruwa, wanda shi ne babban maƙiyin ginin ƙasa. Ana fitar da indararo ya yi tsawo don ruwan rufi ya zuba nesa da gindin katanga. A kusurwoyi a ɗaga zanko. Mu dai ado muke ɗaukar zanko, kuma ado ne, amma nauyinsa yana danne kusurwar da ruwa ya fi ci. Sannan a shafe jikin gini da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Rufi kuma a yi masa laso. Shi laso haɗi ne na katsi, wato dattin da ke taruwa a gindin rijiyar marina, a ƙona shi a daka, a haɗa da gashin jima daga majema, da ruwan dafara mai yauƙi. Ƙasan ɗaki kuwa na mata ne: su taru su yi daɓe, suna bugawa da maɗaɓi suna waƙa, har ya yi santsi.

Yanzu ku ƙirga mutanen da suka shiga gida guda. Mai haƙar ƙasa, mai tsaga giginya, mai rini, majemi, matan da suka tara ɓawon ɗorawa bayan sun cire kalwa ta daddawa, maƙerin da ya yi ƙusoshin ƙyaure. Gidan soro sharar sana'o'in gari yake ci. Kamar yadda kuɗin gashin tumaki ya gina Bibury, haka marina da majema suka riƙe rufin gidajenmu. Ranar da marina ta mutu saboda atamfa da shadda na kanti, katsi ya yi wuya. Ranar da aka sare ɗorawa aka yi gawayi, makuba ta yi wuya. Giginya kuwa tana shekaru da yawa kafin ta isa tsagawa, muna sara ba ma dasawa. Don haka kafin a ce mutane sun guji ginin ƙasa, sai da kayan aikinsa suka fara gudu.

Tsarin gidan ma abin dubawa ne. Daga titi zaure za ka fara tararwa, nan maigida ke karɓar baƙi, nan malam ke ba da karatu, nan ake zaman gaisuwar mutuwa, nan matafiyi ke kwana. Ka wuce ƙofar gida, ka shiga shigifa, wadda sai na jiki ke kai wa gare ta, sannan cikin gida. Ƙofofin ba sa kallon juna, don kada idon mai wucewa ya faɗa kan iyali. Fadar sarki wannan tsarin ne aka faɗaɗa: fili a gaba inda ake hawa, soro bayan soro, kowanne da iyakar wanda zai iya wuce shi. Wanda ya taɓa zuwa Sallar Gani a Daura ya ga yadda filin ƙofar fada ke haɗiye dawakai da jama'a. Ba haɗari ba ne, haka aka tsara birnin.

To, a nan tambaya take zuwa, kuma matasa suna yawan yi mini ita: in Daura ta kai tsufan da ake faɗa, ina gine-ginenta na shekara dubu? Turawa ga nasu nan a tsaye.

Amsar tana cikin bambancin dutse da ƙasa. Gidan dutse in aka watsar da shi shekara hamsin, a dawo a tarar da katangunsa. Gidan ƙasa in aka bar shi damina uku ko huɗu ba yaɓe, ya fara komawa inda ya fito. Bahaushe ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma a ginin ƙasa maganar nan ba karin magana ba ce kawai, zahiri ce. Tsohon Birni, inda aka ce nan sarautar Daura take kafin a dawo wurin da garin yake yanzu, kufai ne. Katangar da kake gani a tsohuwar unguwa, ƙasar da ke fuskarta ta bara ce ko ta shekaru goma, amma siffarta da wurin da take tsaye na iya kai ɗaruruwan shekaru. Abin da ake gada a wurinmu hannun magini ne da al'adar yaɓe duk shekara. In waɗannan biyun suka yanke, ginin ya tafi.

Tarihin Daura kuma ya sha yankewa. Wajen 1805 mutanen jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci garin, Sarkin Gwari Abdu ya fita. Zuriyarsa suka yi ta gwagwarmaya a waje, har sarautar ta rabu, wasu a Zango, wasu a Baure, ga kuma sarakunan Fulani a cikin birni. Kusan shekara 100 ana haka. Sai a farkon zuwan Turawa aka dawo da gidan Haɓe kan gadon Daura, aka naɗa Malam Musa daga Zango, abin da ba a saba gani ba a sauran masarautun daular Usmaniyya. M. G. Smith ya rubuta littafi guda a kan wannan, The Affairs of Daura, ya fito a 1978. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, duk inda sarki ya sauka sai an yi ganuwa, an yi fada, an yi masallaci. Kenan tarihin ginin masarautar Daura ba a cikin birni kaɗai yake ba. Yana warwatse a ƙananan hukumomi biyar na masarautar, Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, har ma da tsallaken iyaka cikin Nijar, tunda layin da Ingila da Faransa suka ja ya ratsa ta tsakiyar ƙasar Daura ne.

Sarki Abdurrahman ya hau mulki a 1911, ya yi shekara 55. A shekarar da ya hau ne layin dogo ya iso Kano, kuma ta jirgin nan kwano da siminti suka samu hanyar shigowa Arewa da yawa. Duk da haka ba nan take ginin ƙasa ya faɗi ba. Su kansu Turawan da shi suka fara. Gidan Ɗan Hausa a Kano na ƙasa ne. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da ƙasa aka gina ta, kuma ginin yana nan, ya zama gidan tarihi. Wato mutanen da suka karɓo wa ƙasar nan 'yanci a ɗakin soro suka koyi lissafi.

Juyin ya zo ne a zamanin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya hau a 1966. Kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji a 1974, a 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka toshe tashar Legas. Bulo da kwano suka zama shaidar cewa mutum ya samu. Kalmar "gidan ƙasa" ta koma kusan zagi. Har yau in ana binciken mai neman aure, za ka ji ana tambaya, gidan nasu na siminti ne?

Ni ba na cikin masu zagin talaka don ya rushe soro ya sa bulo. Wanda bai taɓa kwana yana jin ruwa na ɗiga a rufin ƙasa ba, yana tunanin yaransa, kada ya yi wa kowa wa'azin al'ada. Gidajen ƙasa suna faɗuwa da damina, suna kashe mutane, wannan gaskiya ce. Yaɓe duk shekara kuɗi ne da wahala, kuma gayyar da ake yi da, inda unguwa za ta taru a taya ka, ta yi rauni. Amma a duba dalilin faɗuwar da kyau. Kun tuna kududdufi? Shi ne ke shanye ruwan unguwa. Muka cike shi da shara, aka yanka filin aka sayar, ruwa ya rasa wurin zuwa sai gindin katanga. Aka yi titi aka ɗaga shi sama da dandaɓin gidaje, ba magudana. Sannan aka zo da abin da ya fi kowanne ɓarna, wato shafe katangar ƙasa da siminti. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa ba ya barin ta. Da ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya maƙale, katanga na ruɓewa a ciki, fuskarta na sheƙi a waje, sai rana guda ta zube gaba ɗaya. A ce ƙasa ce ba ta da ƙarfi.

Ga kuma rabon gado. Gida mai zaure da shigifa da sassa shida, magada ashirin. Mafita mafi sauƙi a sayar. Mai saye kuma fili yake so, musamman yanzu da Daura ta buɗe: ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, ga jami'ar sufuri, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara ya bi ta garin. Alheri ne, ba mai ƙin sa. Sai dai kowane ɗaki na haya da shago da ake buƙata, a kan wani abu za a gina shi, kuma zaure shi ke fara tafiya, don shi ke bakin titi.

Su mutanen Ingila ba fin mu son kakanni suka yi ba. Su ma sun rushe da yawa. Bambancin shi ne wasu sun tashi da wuri suka kafa ƙungiyoyi: William Morris da abokansa suka kafa ta kare tsofaffin gine-gine a 1877, National Trust ta biyo baya a 1895, kuma ita ke riƙe da gidajen Arlington Row yanzu, mutane na zaune a ciki suna biyan haya. Bayan yaƙin duniya na biyu suka yi dokar da ta sa ake rubuta gini a rajista, ko naka ne ba ka isa ka rushe shi ba sai da izini. Mu ma muna da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa tun 1979. Amma ido ya fi karkata ga fada da ganuwa da hasumiya irin Gobarau ta Katsina. Gidan malami, gidan mai rini, gidan fatake, waɗanda su ne takwarorin gidajen masaƙan Bibury, ba wanda ya san adadinsu. Ko ganuwa da ƙofofin ma, mun ga yadda aka rushe Ƙofar Na'isa a Kano a 2010 don faɗaɗa titi. Wani Bature ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, shi ya yi shekaru yana yawo da ɗalibansa yana auna gine-ginen gargajiya na Najeriya yana zanawa, har aka kwaikwayi wasu a gidan tarihin gine-gine na Jos. Ya rasu a 1982, littattafansa uku suka fito a 1990. Wasu gine-ginen da ya auna, a takardarsa kawai suka rage.

Kada kuma wani ya ce ai zamani ya wuce ginin ƙasa. Ku tsallaka Nijar. A ƙauyen Yama, yankin Tawa, wani magini Bahaushe, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, a 1986 ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013, da hasumiyarsa ta ƙasa mai tsawon mita 27. A Dandaji, Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da makarantar firamare ta tubalin ƙasa a ƙauyensu Gando, shi ya ci kyautar Pritzker a 2022, wadda babu ta sama da ita a wannan fanni. Mu kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura N10,000, saurayi na ta tara kuɗin bulo shekara biyar bai kai linta ba, ga jar ƙasa yana takawa kullum.

Ni abin da nake roƙon matasan Daura da Zango da Baure bai kai a jira gwamnati ba. Kowa yana da waya mai kyamara. Kafin damina ta faɗi, shiga tsohuwar unguwarku, nemi izinin masu gida, ka ɗauki zaure ciki da waje, ka ɗaga kai ka ɗauki bakan gizo, ka auna kaurin katanga ko da taku ne, ka rubuta unguwa da shekara. In akwai tsohon magini da ya rage, je ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce Baba, yaya ake haɗa laso, kwano nawa na katsi, kwana nawa ake jiƙa dafara? Ka naɗi muryarsa. Masu karatun zanen gine-gine a Zariya da Kano da Katsina, ga aikin kammala digiri nan a ƙofar gidanku. Wanda kuma gidansu na ƙasa ne har yanzu, in an tashi gyara, don Allah a hana mai siminti taɓa katangar, a gyara indararo, a janye ruwa daga gindinta.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu tsaya a kan marina, mu ga yadda baba da rini suka riƙe kasuwancin ƙasar Hausa har zuwa Sahara, da abin da ya kashe su. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.